Mai Walda Ya Yi Wa Zuciyarsa Galbanaiz

Wani mai walda ne, yana da rumfa a bakin titi. Ƙyauren ƙarfe, tankin ruwa, ƙarfen taga, duk shi ne. Aiki kam ya iya, ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma yana da abokin gaba guda ɗaya a duniya, wato tsatsa. Idan ya je gidan mutane gaisuwa, kafin ya yi sallama sai ya fara kankare ƙofar da farce. Ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa, ya ja babban ɗan mamacin gefe, ya ce, "Allah ya jiƙan Baba. Amma get ɗin nan naku ya kusa binsa."

Masoyinsa ma guda ɗaya ne, gishiri. Kafin ya ɗanɗana abinci ya barbaɗa, bayan ya ɗanɗana ya ƙara. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta koma ajiye masa gwangwanin a gefen kwano.

Wata rana yana duƙe a kan wani ƙyaure, sai ya ji kamar an ɗora masa tanki cike da ruwa a ƙirji. Zufa ta keto masa. Hannun hagu ya yi nauyi. Ya ce wa ƙanensa da suke aiki tare, "Kai, ɗage min abin nan."

"Wane abu, Yaya?"

"Abin da ka ɗora min mana!"

"Ni ban ɗora maka komai ba."

Bai samu bakin zagi ba, ya sulale ƙasa. Sai asibiti.

Da ya farfaɗo ya ga matarsa a gefen gado, ido ya kumbura. Ga wata likita a tsaye, da ƙyar in ta kai 'yarsa ta fari. Ta ce, "Sannu Baba. Bugun zuciya ne ya same ka. Wata jijiya da ke kai wa zuciyarka jini ce ta toshe. Mun buɗe ta, mun sa wani ɗan siririn bututun ƙarfe mai raga-raga, shi zai riƙe ta a buɗe."

Gogan naka ya buɗe ido tar.

"Ƙarfe kika ce?"

"Ƙarfe, ɗan mitsitsi."

"A cikina?"

"A jijiyar zuciyarka."

"Wa ya yi waldar?"

"Babu walda, Baba. Ta jijiyar hannunka muka zura shi."

"To noti aka ɗaura?"

"Ba noti."

"Fenti fa? An dai yi masa fenti ko?"

Likita ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. Ta ce, "Kwantar da hankalinka, ba abin da zai same shi." Ta wuce gado na gaba.

Shi kuwa hankali ina zai kwanta! Ya zuba wa silin ido. Ƙarfe tsirara, ba walda, ba fenti, a wurin da yake jiƙe safe da yamma. Ko ɗan koyo da ya zo rumfa jiya ba zai yi wannan ɗanyen aiki ba. Tsoro ya kama shi sosai, don mutuwar da ya leƙa ya dawo ba ta yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Ranar sallama likita ta zo da magunguna a leda, tana ɗagawa ɗaya-ɗaya. "Wannan na hawan jini. Wannan na rage kitse a jini. Wannan kuma shi ne babba, na tsinka jini. Shi ke hana jini daskarewa ya toshe bututun. Kada ka kuskura ka tsallake shi."

Ya ce, "To," kamar wanda ake karanta wa labarin wani.

"Wannan ƙaramin kuma zink ne. Gwaji ya nuna naka ya yi ƙasa. Ba maganin zuciya ba ne, cike gurbi ne kawai. Ƙwaya ɗaya a rana, bayan ka ci abinci."

Ai daga kalmar zink bai ƙara jin komai ba. Ku da ba ku san sana'ar ba, bari in gaya muku. Zink shi ne abin da ake narkarwa a tsoma ƙarfe a ciki, ya fito yana sheƙi, ya shekara a ruwa tsatsa ba ta taɓa shi ba. Shi masu walda ke kira galbanaiz. Bokitin ƙarfe mai kyau, bututun ruwa, duk shi ne a jikinsu. Mutumin naku ya fi sanin zink a kan wasu 'yan uwansa.

Ya tashi zaune. Ya ce, "Maimaita."

"Zink."

"Alhamdu lillahi!"

"Sannan gishiri, Baba, ka yi ban kwana da shi."

Matarsa ta dafe ƙirji, tana jiran a yi tashin hankali. Sai ta ga maigida yana gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Ai kowa ya san gishiri ne uban tsatsa, ƙarfen da ya sha ruwan gishiri ba ya ƙarko. Ya kalli likita da girmamawa, ya ce, "Yarinya, na raina ki da farko, ki yafe ni. Ashe kin san aiki."

"Na gode, Baba."

"Yaushe zan koma rumfa?"

"Sai ka dawo mun duba. In zuciyar ta yi ƙarfi, sai ka koma a hankali. Kafin nan ko guduma kada ka ɗaga."

Suna isa gida ya zaunar da matarsa. Ya rage murya.

"Kin gane abin da likitar nan ta yi? Ba ta son tayar miki da hankali ne. Tsatsa ce ta kama ni."

"Tsatsar me kuma, Malam?"

"Ba a ce akwai ƙarfe a jinin mutum ba?"

"Haka nake ji ana faɗa."

"Mene ne launin jini?"

"Ja."

"Tsatsa fa?"

"Ita ma ja-ja ce."

"To! Me ya rage? Bututu ya yi tsatsa ya toshe, suka sa sabo, suka ba ni zink in yi masa galbanaiz daga ciki, suka hana ni gishiri. Wannan ai ko makaho ya shafa ya gane."

"Ni dai na ji ta ce ba maganin zuciya ba ne."

"Haka ake gaya wa iyali."

Daga ranar gida ya zama rumfar walda. Doka ta farko, ruwa. An taɓa yi wa ƙarfe shafi a kwara masa ruwa kafin ya bushe? Idan ƙishi ya matsa masa sai ya kurɓi ɗan kaɗan, ya karkata jiki dama don ruwan ya bi ta can, kada ya bi ta wajen zuciya. Wanka kuwa sai ya naɗe ƙirji da leda, ya ɗaure da igiyar roba. Da hantsi ya cire riga, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwanta rigingine.

"Malam, me kake yi a rana?"

"Shanya."

Maƙwabci ya zo dubiya da ƙatuwar kankana. Mutumin naku ya kalle ta, ya kalli maƙwabcin, ya ce, "Me na yi maka? Wannan ai ruwa ne zalla aka sa wa riga." Maƙwabci ya ɗauki kankanarsa ya fita yana waiwaye.

Sai maganin tsinka jini. Wannan ya daɗe yana tunani a kansa. Abin da ke tsinka jini, ai ba zai bar shafi ya kama ba, wanke shi zai yi. Yarinyar ta iya aiki amma ba ta san tsari ba. Sai shafi ya bushe tukuna a kawo maganar tsinkawa. Don haka kullum matarsa ta miƙo masa, sai ya kai baki, ya yi kamar ya haɗiye, har da ɗaga wuya. Tana juya baya ya jefa shi cikin takalmin aikinsa na hagu da ke bayan ƙofa.

Amma duk cikin wahalar nan babu kamar ta gishiri. Miya ta zo lami, nama lami, ƙwai lami, shinkafa kamar ana tauna auduga. Yakan ci yana runtse ido. Idan ya wuce ta ƙofar kicin ya hango gwangwanin gishirin a kan kanta, sai ya tsaya ya ɗan kalle shi, ya yi ajiyar zuciya, ya wuce. Matarsa ta tausaya masa. Wata rana ta ce, "Ko in ɗan sa maka kaɗan? Kan cokali kawai, likita ba za ta sani ba."

"Ke! So kike ki cinye min bututu?"

Ko zufa ya yi, da sauri yake gogewa, wai kada ta koma ciki.

Ana haka sai ga ƙanensa ya zo, baki har kunne. Shi ke riƙe da rumfa tun da abin ya faru. Mutum ne mai kirki, ga ladabi, ga zumunci, amma in ya riƙe abin walda sai ka ce da ƙafa yake yi. Ya zaro waya.

"Yaya, ka ga get ɗin mai gidan burodi. Na gama shi tas."

Gogan naka ya karɓi waya. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu. Ƙyaure ɗaya ya jingina da ɗan'uwansa kamar mai gyangyaɗi.

"Me ya sa ya karkace?"

"Ƙasar wurin ce ba daidai ba."

"A rumfata ka ɗauki hoton nan. Ni na yi daɓen da hannuna!"

"To wataƙila wayar ce."

"Wannan jan abin da ke leƙowa ta ƙarƙashin fenti fa?"

"Ado ne."

"Ado! Ko gogewa ba ka yi ba, ka shafa fenti a kan tsatsa, a rumfar da ke da sunana a allo?"

"Yaya, kada ka ɗaga murya, likita ta hana." Ƙanen ya sosa ƙeya. "Dama akwai wata magana. Mai otal ɗin nan ya kawo aikin babban tanki. Na fara. Amma ya ce in ba kai za ka gama da hannunka ba, zai kwashe ƙarafunansa ya kai wa na tsallaken titi."

Na tsallaken titi! Mutumin da ya koyi walda a hannunsa, ya buɗe rumfa daidai saitin tasa, har yana kwaikwayon kalar allonsa. Baƙin ciki ya kama gogan naka. Sunan da ya yi shekaru yana ginawa, ga ƙanensa yana rushewa da ladabi, ga na tsallake yana jira da baki buɗe. Ranar komawa wurin likita kuwa da sauran nisa.

Ya kwanta ya yi lissafi irin na sana'a. Shafi ɗaya na aikin cikin ɗaki ne. Abin da zai zauna a ruwa, shafi biyu ake yi masa, in mai shi yana da hali ma uku. Ƙwaya ɗaya a rana, yaushe za a gama? Wannan ai fenti da gashin kaza ne.

Washegari ya ce zai taka ƙafa, tunda likita ta ce tafiya kaɗan tana da kyau. Ya zarce kemis.

"Ba ni zink. Kwalba uku."

Mai kemis ya leƙo ta saman tabarau. "Uku? Nawa likita ta ce ka riƙa sha?"

"Ɗaya. Amma ita shafin farko ta sani."

"Shafin me? Baba, abin nan in ya yi yawa amai yake sa wa, ya ƙona ciki. Ɗaya zan ba ka."

"Kai da kayanka, ana saye kana rowa?"

"Ɗaya."

Ya karɓi ɗaya. Ya shiga kemis na gaba ya karɓi ɗaya, na gaba da shi ma ɗaya. Ya dawo gida aljihu na kacau-kacau.

Ya kuma gyara wani kuskuren likita. Ta ce bayan abinci. Haba! Wa ke shafi a kan datti? Sai an wanke ƙarfe tas, ba maiƙo ba ƙura. Don haka da sassafe, ciki wayam, ya watsa guda huɗu. Da rana kafin abinci ya ƙara. Da yamma ya yi abin da ya kira gyaran fuska.

Kafin ka ce kwabo ciki ya murɗa. Zuciya ta tashi. Bakinsa ya koma ɗanɗanon tsabar kuɗi. Ya ruga bayan gida, ya yi ta kwara amai kamar zai fito da hanji. Matarsa ta biyo shi da gudu, tana riƙe masa kai tana salati. Ya ɗago, ido jajir, sai ta ga yana dariya.

"Malam, lafiya? Ko abin ya taɓa kai ne?"

"Ya kama! Wallahi ya kama!"

"Mene ne ya kama?"

"Kin tuna ranar da na yi waldar bututun galbanaiz a cikin shago, na shaƙi farin hayaƙin nan? Ba haka na yi ta amai ba? Ba haka bakina ya yi ba? Ai shi ne sak! Yana narkewa, yana bin bututu. Kawo min madara, ita muke sha in hayaƙin ya buge mu."

"Mu koma asibiti dai."

"A yi me? A kankare?"

Kwana ya yi ta tafiya, mutum ya rame, leɓe ya bushe ya tsattsage, in ya miƙe jiri ya kwashe shi. Matarsa ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka, don tsoron zama gwauruwa ya kama ta da gaske. Ya ja jiki can ƙarshen gado.

"Don Allah in kukan za ki yi, matsa can. Hawaye ruwa ne da gishiri, biyu a haɗe."

Da ya ga aiki ya yi nisa, sai ya ce lokacin gwaji ya yi. Ya farke tsohuwar rediyo ya ciro maganaɗisun lasifika. Ya kira matarsa shaida. Ya manna shi a ƙirji, ya saki. Maganaɗisu ya faɗo masa a babban yatsa. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana murna.

"Kin gani? Da shafin siriri ne, da ya jawo ƙarfen da ke ƙasa ya manne. Tunda ya faɗi, ya yi kauri ke nan."

"To da ma can yana mannewa?"

"Ke ba ki san sana'a ba."

Ya ɗauko sifana, ya ƙwanƙwasa ƙirji a hankali, ya karkata kunne. "Ji ƙara. Kin ji yadda take amsawa?"

"Ni haƙarƙari nake ji."

Shi dai ya gama yanke hukunci. Aiki ya yi, ba sai an jira likita ba. Mai sana'a ba ya jiran wani ya gaya masa ƙarfensa ya bushe.

Da safe matarsa ta shiga wanka. Ya lallaɓa bayan ƙofa, ya zura ƙafa a takalmin dama lafiya lau. Ya zura a na hagu, ya ji ƙurus. Ya manta da ajiyarsa. In ya zazzage a ɗaki za ta gani, in ya tsaya nema wa ƙwayoyin wuri za ta fito. Sai ya danna ƙafa a haka, ya ɗaure igiya, ya fice. Duk taku ɗaya ƙurus, duk taku ɗaya ƙurus, yana ɗingishi har bakin titi.

Ya tarar da rumfa ta cika. Ga tanki a tsakiya, ƙanensa ya cika shi da ruwa don gwaji. Ruwa na tsartuwa ta gaba, ta baya, ta gefe, har da wani siriri da ke harbin sama. Wurin ya zama tafki. Ga mai otal a tsaye ya naɗe ƙafar wando. Ga na tsallaken titi ya fito ƙofar rumfarsa, ya riƙe ƙugu yana kallo.

Mai otal yana cewa, "Tanki na ce a yi min ko rariya?"

Ƙanen yana cewa, "Ranka ya daɗe, sabo ne, in ya saba zai daina."

Sai ga gogan naka, ƙurus, ƙurus.

"Ku zubar da ruwan nan! Kai, miƙo min babbar guduma."

"Yaya! Likita ta hana!"

"Likita shafi ɗaya ta sani."

Mai otal ya dube shi sama da ƙasa. "Oga, anya ka warke? Ka ga yadda ka koma kuwa?"

Ya bugi ƙirji da tafin hannu, da ƙarfi yadda na tsallake zai ji. "Wannan da kake gani galbanaiz ce, shafi uku. Ko a teku ka jefa ta, ba ta tsatsa har abada. Tankinka ma haka zan yi maka shi."

Ya ɗaga guduma. Ya sauke ɗaya, gefen tanki ya miƙe. Ya sauke ta biyu, mai otal ya fara gyaɗa kai. Ya ɗaga ta uku, sai tankin nan na ranar farko ya dawo masa ƙirji, wannan karon har da murfi. Guduma ta suɓuce. Ya tafi luuu, ya faɗi tsamo-tsamo a cikin tafkin.

Aka yi kansa. Ƙanen yana ihu a kawo mota. Shi kuwa da ɗan numfashin da ya rage masa cewa yake, "Ku ɗauke ni daga cikin ruwan nan... bai gama bushewa ba..."

Allah ya sa da sauran shan ruwa, ko da yake shi ba ya son a faɗa haka. Ya farka a gadon da ya bari, ga matarsa a inda take, ga ƙanensa a rakuɓe. Ga kuma robar ƙarin ruwa a rataye, tana ɗiga cikin hannunsa ɗis, ɗis. Ya zabura zai fizge, nas ta riƙe shi.

"Mene ne wannan kuke ɗura min?"

"Ruwa ne, Baba. Jikinka ya bushe ƙamas."

"Ai da gangan ne!"

Likita ta shigo. Yau babu dariya. A hannunta akwai takalmin aiki, na hagu. Ta kifa shi a kan tire. Gari ya zubo, da ɓarin ƙwayoyi, da 'yan kaɗan da suka tsira da ransu.

"Baba, da muka cire maka takalmi, wannan muka samu. Mene ne?"

Ya kalli silin.

Matarsa ta leƙa tiren, ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Malam, maganin da nake ba ka da hannuna? Har kana ɗaga wuya?"

"Ajiye shi na yi sai shafi ya bushe."

Likita ta ce, "Wane shafi?"

To, abin nema ya samu. Ya gyara kwanciya ya yi mata bayani tiryan-tiryan, kamar yana koya wa sabon ɗan koyo: jini da tsatsa, shafin farko da na biyu, wanke ciki kafin a shafa, shanya da hantsi, gwajin maganaɗisu. Nas ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Likita ta jawo kujera ta zauna, ta dafe kai.

"Guda nawa kake sha a rana?"

"Ya danganta da yanayin gari. In akwai hadari nakan ƙara."

"Baba, saurare ni da kyau. Jini ne ya daskare a bakin bututun, saboda ka daina shan wannan. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da yanzu wani zancen ake yi. Bututun nan kuma ba ya tsatsa. Irin ƙarfen da aka yi shi da shi ba ya yi."

"Haka kowane dila yake cewa."

"Zink ɗin da ka yi ta ɗura wa kanka ba ya zuwa ya manne a jikin komai. Ɗan kaɗan jiki yake buƙata. Sauran cikinka ya ƙona, ya sa ka amai, ka ƙi shan ruwa, jini ya ƙara kauri."

"To yaushe zan koma rumfa?"

"Da ka bi abin da na ce, da yanzu ka kusa. Yanzu mun koma farko."

Ya juya ga ƙanensa. "Tankin fa?"

Ƙanen ya sunkuyar da kai. "Yana tsallaken titi, Yaya. Su huɗu suka gangara shi. Amma ya ce a gaishe ka da jiki."

Wannan ta fi ciwon zafi. Ido ya ciko masa, ya yi maza ya goge kafin ya gangaro. Can ya ce, a sanyaye, "Likita, ni fa gyara na so in yi. Shekara da shekaru ina hana ƙarfen mutane lalacewa, sai nawa zan zuba wa ido?"

Likita ta sassauta murya. "Na sani, Baba. Amma zuciya ba tanki ba ce. Ba ƙarfe ba ce. Tsoka ce."

"Tsoka?"

"Nama ce, Baba. Nama."

"Nama dai nama? Irin na mahauta?"

"Irinsa sak."

"Tun farko?"

"Tun ranar da aka haife ka."

Ya kalli likita. Ya kalli nas. Ya kalli matarsa, ya tuna miya lami, da ƙwai lami, da gwangwanin nan da yake gaisarwa daga ƙofar kicin. Sai ya yunƙura ya tashi zaune, robar ruwa na lilo.

"Nama ce, kuka bar ta cikin zafin nan wata da watanni ba gishiri? To ai dole ta lalace!"